Dizal, HVO, batir ko haidrojin: wanne ya dace da jirgin kanal ɗinka?

Tsadar haya a Landan ta sa mutane da yawa sun koma zama cikin jirgin ruwa, irin siraran nan da ake gani a jere a bakin kanal, wato hanyar ruwa da aka haƙa don jirage, wajen King's Cross da Hackney da Little Venice, kuma cikin 'yan uwanmu masu karatu ko aiki a Ingila ba za'a rasa masu wannan tunanin ba. To duk wanda ya fara duba tallan jirage zai ga kowa da abun da yake yabo, wannan yace nashi lantarki ne zalla, wancan yace haibirid ne mai haɗa dizal da lantarki, wani kuma yace tsohon injin dizal ne amma HVO yake sha, wato man da ake tacewa daga mai na tsirrai da kitse. Ni shawarata tun daga farko ita ce kar ka fara da tambayar wanne yafi tsafta a takarda. Fara da tambayar ina jirgin zai riƙa kwana, akwai soket a wajen ko babu, sannan injin da ke cikinsa yanzu da sauransa ko ya gaji. Waɗannan biyun su zasu zaɓa maka, ba mai talla ba.

Sai ka san yadda jirgin yake aiki tukunna. Hukumar Canal & River Trust, wadda ta gaji British Waterways a 2012, ita ke kula da kanal mai tsawon mil kusan 2,000 a Ingila da Wales, kuma a yawancinsu doka bata yarda ka wuce mil 4 a awa ba, in zaka gifta jiragen da ke ɗaure ma sai ka rage sosai. Jirgin kansa faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 ne saboda ya shige ƙofofin ruwan nan da ake ɗaga jirgi ko a sauke shi da su, wato lok, tsawonsa kuma yakan kai ƙafa 57 zuwa 70. Ƙarfe ne mai nauyin tan goma sha wani abu, amma abun mamaki a ruwan da baya gudu ƙarfin da yake buƙata ya yi mil 3 a awa ɗan kaɗan ne, kilowat 2 zuwa 3 ya ishe shi. Injin da ake saka masa kuwa yawanci mai ƙarfin doki 35 zuwa 45 ne. Kaga kenan injin kusan duk rayuwarsa ƙasa da ƙarfinsa sosai yake aiki, kuma injin dizal baya son haka, baya yin zafi yadda ya kamata, man baya ƙonewa duka, sai hayaƙi da baƙin toka a ciki. Ƙara da cewa a wajen lok tsayuwa ake yi ana jira, injin na ta kunne yana shan mai jirgi bai motsa ba. A Tardebigge lok 30 ne a jere, a Caen Hill kusa da Devizes 29, yini guda zaka yi kana shaƙar hayaƙin kanka a cikin rami mai bango ta kowane gefe.

Abu na biyu da masu talla basa so su tsaya a kai, injin nan ba tuƙi kawai yake yi ba. Shi ke cajin batiran ɗaki ta altaneta, firij da fitilu da famfon ruwa duk a kansa suke, kuma zafinsa ne ke dafa ruwan wanka. Shi yasa zaka ga jirgi a ɗaure ko motsi baya yi amma injin na ta ƙugi awa biyu, caji ake. Sharuɗɗan lasisi ma sun hana kunna inji ko janareta a ɗaure daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe saboda maƙwabta. Duk wanda zai ce maka cire dizal ka saka kaza, tambaye shi to ruwan zafin fa, cajin ɗakin fa.

Dizal na yau da kullum dai shine wanda kowa ya sani, ana samunsa a kowace tashar jirage, har jiragen 'yan kasuwa ne ke yawo a kanal suna sayar da shi tare da gas da gawayi, su tsaya a gefenka su cika maka tanki. Jirgi yakan sha lita 1 zuwa 1.5 a awa. Jan dizal ake sayarwa, wato wanda aka saka wa jan launi saboda harajinsa ragagge ne, kuma tun 2008 sai ka faɗi kashi nawa zaka yi tuƙi da shi kashi nawa na ɗumama ɗaki da wuta, na tuƙin a caje ka cikakken haraji, shi yasa zaka ji ana cewa sittin da arba'in, wato kashi 60 na tuƙi 40 na ɗaki. Matsalarsa banda hayaƙi ita ce man tsirrai da ake gauraya masa har kashi 7, wanda ake kira FAME. Wannan abun yana jan ruwa, jirgi kuma yana iya yin wata huɗu na sanyi a tsaye da rabin tanki, raɓa na taruwa a ciki, sai ƙwayoyin cuta su hayayyafa tsakanin ruwan da man. In ka taɓa ganin filtar da aka ciro daga irin wannan tankin baza ka manta ba, wani baƙin abu ne mai yauƙi ya toshe ta gaba ɗaya, kuma a tsakiyar tafiya yake kashe inji, Allah ya kiyaye ya same ka a kogi mai gudu.

HVO shine inda nafi so mutane su tsaya su duba da kyau. Shima daga mai na tsirrai da kitsen dabbobi da man suya da aka gama amfani da shi ake yinsa, amma ba irin FAME bane, ana tace shi da haidrojin ne har ya koma kaman dizal mai tsabta sosai, fari tas kuma kusan ba wari. Kamfanin Neste na Finland na cikin manyan masu yinsa, lambar ingancinsa a Turai EN 15940. Abun daɗin shine baka canza komai a injin, zubawa kawai zaka yi, ko da akwai ragowar dizal a tankin suna haɗuwa lafiya. Baya jan ruwa kaman FAME, yana jure ajiya na shekaru, yana tashi da sauƙi da asubar sanyi, hayaƙin ma ya ragu ka gani da idonka. Masu yinsa suna cewa yana rage iskar kabon har kusan kashi 90 in aka lissafa tun daga tushensa. Ƙungiyar Inland Waterways Association, wadda aka kafa tun 1946, ta daɗe tana cewa shine hanya mafi kusa ga dubban jiragen da ke kan ruwa yanzu, kuma na yarda da su ɗari bisa ɗari, saboda jirage sama da 30,000 ne ke da lasisi, baza a wayi gari duk sun koma batir ba, injin dizal na jirgi kuwa in ana kula da shi yana yin shekaru talatin har fiye.

Amma fa ba za'a ɓoye aibinsa ba. Yafi dizal tsada, ba kowace tasha ke da shi ba, wani lokacin sai dai ka yi oda a jarka ko ku haɗu ku sayi babban tanki. Kashi 90 ɗin nan ma ya danganta da abun da aka yi shi da shi ne, in da gaske tsohon man suya ne to madalla, in kuma manja ne sabo aka sare daji a Indonesiya ko Malesiya aka shuka, aka kawo shi da sunan tsohon mai, to an gudu ba'a tsira ba, kuma an sha yin ƙorafin irin wannan maguɗin a Turai. Saboda haka tambayi mai sayarwa takardar shedar asalin man, haƙƙinka ne. Sannan ƙonewa dai ƙonewa ce, hayaƙin ya ragu amma bai ƙare ba, ƙarar injin ma tana nan. In injinka tsoho ne sosai irin su Lister ko BMC, sa ido a kan robobin famfon mai makonnin farko, domin man da bashi da wasu sinadaran dizal yakan sa tsohuwar roba ta ɗan tsuke ta fara ɗiga. Sabbin injina kuwa, Kubota wanda Beta Marine ke gina nasu a kansa, da Yanmar, sun amince da shi a injinansu da dama.

GTL ɗan uwansa ne, lambar inganci ɗaya suke da ita, Shell ke yinsa daga iskar gas, babbar masana'antarsu tana Qatar. Yana ƙonewa da tsabta, hancinka zai huta, amma daga ƙarƙashin ƙasa ya fito don haka wajen kabon bai rage wani abun kirki ba. In babu HVO a kusa yafi dizal, iyakarsa kenan.

Yanzu lantarki. Wallahi wanda bai taɓa tsayawa a bakin kanal jirgin lantarki ya wuce shi ba bazai gane abun da ake nufi ba, ba abun da zaka ji sai ruwa na bugun gaban jirgin da muryar mutanen ciki suna hira, matuƙi na magana da mai buɗe lok ba sai ya ɗaga murya ba. A lok kuwa da ka saki liba shikenan, ko wat ɗaya baya ci. A ramukan ƙarƙashin dutse irin Standedge mai sama da mil 3 babu hayaƙin da zai taru a kanka. Ba canjin baƙin mai, ba filta, injin lantarkin ɗan ƙarami ne, Lynch da Vetus da Bellmarine duk suna yi, yawanci a kan bolt 48. Kuma ba sabon abu bane, tun shekarun 1880 akwai kwale-kwalen lantarki a kogin Thames. Canal & River Trust ma ta daɗe tana yi wa jirgin lantarki rangwamen kashi 25 a kuɗin lasisi.

Lissafinsa mai sauƙi ne, duk wanda ya taɓa haɗa sola da inbata a gida saboda rashin wutar NEPA ya riga ya san karatun, batir randa ce, abun da ka zuba shi zaka ɗiba. Kace kana cin kilowat 2 a tafiya, ka yi awa 6, kilowat-awa 12 sun tafi, ga firij da girki da wanki in duk na wuta ne. Batir mai kilowat-awa 30 zai yi maka kwana biyu kenan da kyar. To daga ina za'a cika shi? In kana da matsaya ta dindindin mai soket, amp 16 a bolt 230 yana bada kusan kilowat 3.7, a dare ɗaya ka cika, magana ta ƙare. In baka da ita fa, kana cikin masu lasisin yawo da doka ta ce kar su wuce kwana 14 a waje ɗaya, nan ne gizo ke saƙar, domin a bakin kanal wuraren caji kaɗan ne ƙwarai. Akwai wanda aka yi a Islington a kan Regent's Canal tsakanin King's Cross da Angel, akwai a kanal ɗin Monmouthshire da Brecon a Wales inda aka daɗe ana bada hayar jiragen lantarki, amma mil 2,000 ake magana.

Sai sola. Rufin jirgin dogo ne zai ɗauki kilowat 1 zuwa 2 na faranti. A watan Yuni rana tana kai awa 16 a sama, kowane kilowat zai iya baka wajen kilowat-awa 4 a yini, mai tafiya kaɗan-kaɗan zai iya yin watanni bai nemi soket ba. A Disamba kuwa yinin Landan bai cika awa 8 ba, ranar a kwance take can ƙasa, ga gajimare ga bishiyoyi da gine-gine a bakin ruwa, abun da zaka samu bai kai ɗaya ba, ko firij da fitila sai ana lallaɓawa. Mu da muka taso inda rana bata yankewa sai mu yi hankali da wannan, kar mu auna da tamu. Ga kuma batirin litiyam irin LiFePO4 da kowa ke sakawa yanzu, yana da kyau sosai, yana daɗewa kuma baya saurin kama wuta kaman wasu, amma ba'a cajinsa in sanyi ya kai ƙasa da sifili, lalacewa yake, don haka dole a ajiye shi cikin ɗakin ko a saka masa abun ɗumamawa, ba can wajen inji a baya inda ƙanƙara ke kwana ba. Kuɗi kuma ba wasa, cire dizal a saka cikakken tsarin lantarki da batir da sola da wayoyi, in aka ce maka ya haura fam 20,000 kar ka yi mamaki. Mutumin da ke ƙona lita 300 a shekara yaushe zai mayar da wannan kuɗin? Ba don riba ake yi ba, don shiru da iska mai kyau ake yi, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi, kawai dai mutum ya san abun da yake saya.

Saboda matsalar hunturun nan ne yawancin jiragen da ake ce wa na lantarki a Ingila a gaskiya haibirid ne, kuma iri biyu ne, nan ne mutane ke rikicewa. Na farko, farfela injin lantarki ne kaɗai ke juya ta, sai a ɓoye janareta na dizal a cikin akwati mai hana ƙara, aikinsa cajin batir kawai. Amfaninsa shine janareta yana aiki da cikakken lodi inda yafi ƙona mai da kyau, awa biyu ya zuba maka abun da zaka yi yini da shi, zafinsa ya dafa ruwan wanka, kuma ana iya ajiye shi ko'ina a jirgin. Ranar da wuraren caji suka yawaita sai ka cire shi ka ƙara batir, jirgin baya buƙatar wata tiyata. Masu ƙera jirage irin Ortomarine da Mothership Marine wannan hanyar suka fi bi. Rauninsa in na'urar da ke sarrafa injin lantarkin ta samu matsala ka tsaya cak, kuma ba kowane bakanike na bakin kanal ne ya iya ta ba.

Na biyu, injin dizal na nan yadda aka saba haɗe da farfela, sai a ɗaura injin lantarki a gefensa da bel a kan sanda ɗaya. Kana so ka tafi shiru ka tafi da batir, kana so ka kunna dizal ka kunna, lokacin kuma injin lantarkin ya koma janareta yana caji, wanda hakan ke ba dizal ɗin lodin da yake so. Hybrid Marine sun yi suna a wannan tare da injinan Beta. Ni a ganina duk wanda zai riƙa shiga koguna, Trent ko Severn ko Thames ta ɓangaren da ruwan teku ke shigowa, wannan ya kamata ya ɗauka, domin tura jirgi gaba da ruwa mai gudu na awanni yana cin ninkin-ba-ninkin abun da kanal ke ci, batir zai zube kana kallo, kuma hanya biyu ta juya farfela a irin wannan wajen kwanciyar hankali ce. Sai dai kana ɗauke da kaya biyu, gyara biyu, kuma babban injin na nan da hidimarsa. Kowanne ka ɗauka cikin biyun, zuba masa HVO, kaga ka haɗa alheri biyu.

Haidrojin kuwa bazan ja magana ba. An gwada kuma yayi aiki, Jami'ar Birmingham ta yi jirgin kanal mai suna Ross Barlow a 2007, Hamburg sun yi Alsterwasser a 2008, Amsterdam sun yi Nemo H2, Bristol ma sun gwada Hydrogenesis. Ruwa kawai yake fitarwa. Amma na Hamburg daina aiki yayi da haidrojin a 2013 saboda an rufe tashar da ke bashi iskar, kuma har yau matsalar kenan, babu inda zaka tsaya a bakin kanal ka cika. Ga asara, in ka ɗauki wuta ka yi haidrojin ka matse shi ka sake mayar da shi wuta, wajen kashi ɗaya cikin uku ne ke dawo maka, alhali batir yana mayar maka da mafi yawan abun da ka zuba. Mai kuɗin kansa ba na bincike ba ya bar wannan tukunna. Gas na girki ma wasu na tambaya ko za'a yi tuƙi da shi, ni bana so, yafi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasan jirgi yake sauka ya kwanta ba hanyar fita, shi yasa masu binciken lafiyar jirage na Boat Safety Scheme da ke zuwa duk shekara 4 suka fi tsananta a kansa.

Wani zai ce to ai Amsterdam sun yi. Eh sun yi, daga 2025 tsakiyar birnin ya zama yankin da ba'a son jirgi mai hayaƙi, da ɗan sassauci na wucin gadi ga wasu tsofaffin jirage, kuma yawancin jiragen yawon buɗe idonsu sun koma batir. Amma duba yanayinsu, jirgi ne ke zagaye cikin gari ya dawo matsayarsa da dare ya kwana a soket. Wannan shine ainihin inda lantarki zalla ke cin kasuwa, jirgin haya na yini, jirgin fasinja, jirgin da ke da gida. In rayuwarka haka take, saka batir ka manta da janareta. In jirgin da ka samu injinsa lafiya lau ne, dan Allah kar ka cire shi, ƙera sabon inji da tarin batir shima kabon ne, wanke tanki ka koma HVO, ka cika rufin da sola ka saka batirin ɗaki mai kyau, daga Afrilu zuwa Satumba zaka ga kusan ka daina kunna inji don caji, kuma kuɗin bai kai rubu'in na canjin ba. Sai ranar da injin ya mutu ko kuma sabon jirgi zaka sa a ƙera maka, ranar ne haibirid ya zama magana.

Akwai kuma abun da ke ci mun rai a duk muhawarar nan, ana ta faɗa a kan farfela an manta da murhu. Mai zama a jirgi duk shekara makamashin da yake ƙonawa don ɗumama ɗaki a hunturu yafi na tuƙi nesa ba kusa ba, kuma yawanci murhun gawayi ko itace ne, hayaƙin da mutanen gidajen bakin kanal ke kuka da shi kenan. Dokar muhalli ta 2021 ta ba ƙananan hukumomi ikon saka jiragen da ke ɗaure cikin yankin hana hayaƙi, kuma tun 2023 an hana sayar da gawayin kwal na gida a Ingila. Ɗumama jirgin ƙarfe da batir a Janairu ba soket kuwa bazai yiwu ba. Abun da ke yiwuwa shine busasshen itace ko gawayin da aka amince da shi, ko hita irin Webasto da Eberspächer a kan HVO, da uwa uba rufin kumfa mai kauri a jikin bangon jirgin. Don haka ranar da kaje duba jirgi, bayan ka tambayi awannin injin da shekarun batir da wanda ya haɗa wayoyin da ko inshora sun san da litiyam a ciki, sa a buɗe maka bango ta cikin kabad ka ga irin rufin da aka saka da kaurinsa, sannan ka sa mai duba jirgi ya zuƙo mai daga can ƙasan tanki a kwalba ka gani kafin ka biya ko sisi.